Mu Cire Farashin da Muka Ɗora wa Alherin Allah

Jama'ar Ubangiji, iyaye da 'yan'uwa, daga Jos zuwa Kano, daga Mubi zuwa Maraɗi, ku tattaro hankalinku, maganar gida ce. Kowace Lahadi muna cika majami'u, a buga ganga, a kaɗa tulu, mu rera cewa ceto kyauta ne, Almasihu ya riga ya biya. Amma tun ba a tashi daga sujada ba sai mu koma ciniki, da Allah da kuma junanmu. Baki na shelar alheri, hannu na rubuta farashi. Lokaci ya yi da za mu daidaita abin da muke furtawa da abin da muke aikatawa, a kan bagadi, a taron dattawa, da cikin gidajenmu.

Koyarwar da manzo Bulus ya shimfiɗa a sura ta biyu ta wasiƙarsa ga Afisawa ba ta da wuyar ganewa. Mutum ba ya samun karɓuwa wurin Allah don yawan azuminsa, ko kaurin ambulan ɗinsa, ko sunan gidansu. Allah ne ya fara nemanmu, ya ba da Ɗansa, mu kuwa da bangaskiya muke karɓa, hannu wofi, don kada kowa ya sami abin taƙama. Ayyukan kirki daga baya suke biyowa. A Matiyu 20 Yesu ya ba da misalin mai gonar inabi da ya ɗauki 'yan ƙwadago tun da sassafe, ya ɗauki wasu da rana, wasu kuma sai dab da tashi daga aiki, da yamma ya biya kowa dinari guda. Waɗanda suka sha rana suka hau gunaguni. Gunagunin nan yana cikinmu har yau. Mun fi son Allahn da za mu iya bi bashi.

Shi ya sa masu tallar albarka suka sami kasuwa a tsakaninmu. Kun san su. A kira taron farkawa na kwana uku, a yi waƙa har jiki ya yi laushi, sai mai wa'azi ya ɗaga ambulan. Mai neman haihuwa ya shuka iri na dubu hamsin, mai neman aiki dubu ashirin, wanda ba shi da komai ya ja da baya. A fito da kwalaben mai, da ruwa, da hankici, kowanne da kuɗinsa. Uwar da ɗanta ke kwance da zazzaɓi ta kwance bakin zaninta, kuɗin asibiti ya faɗa cikin kwando. In yaron bai tashi ba, a ce bangaskiyarta ce ta gaza. Ta rasa kuɗin, ta kuma koma gida da laifi a kanta.

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru kan wannan ba. A Samariya, Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon ba da Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya tsawata masa, ya ce ya tuba. Annabi Elisha ya ƙi karɓar komai daga Na'aman bayan ya warke daga kuturta. Baransa Gehazi ya bi sawu a ɓoye ya karɓa, kuturtar ta koma kansa. A 1517, a Jamus, cinikin takardun yafe hukuncin zunubi ne ya sa Martin Luther ya rubuta batutuwansa 95, kuma ECWA, COCIN, LCCN, HEKAN da sauransu duk jikokin gyaran ikilisiya da ya biyo baya ne. Ikilisiyar Katolika ita ma ta haramta wannan ciniki tun a ƙarni na 16. Abin da kowa ya yi watsi da shi tun tuni, mu ne za mu tono shi mu sa masa sabuwar riga? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da babu masu saye, da masu tallar sun naɗe tabarmarsu.

Kada a ji ni a karkace. Baiko aikinmu ne. Mai bishara a ƙauye yana da iyali, sau da yawa watanni suna wucewa bai ga albashi ba, rufin majami'a kuma ba da addu'a kaɗai ake canza shi ba. Bulus ya yaba wa ikilisiyoyin Makidoniya da suka bayar hannu sake suna cikin tsananin talauci. Amma sun bayar ne don sun riga sun karɓa. Mai bayarwa don godiya daban, mai bayarwa don ya ɗaure Allah da igiya daban.

Farashi na biyu a kan kujeru muke manna shi. Ku tuna ranar godiyar kaka, ko ta ƙaddamar da asusun gini. Babban baƙo ya iso a makare, a tsai da sujada, mai gabatarwa ya jero muƙamansa ɗaya bayan ɗaya, a tashi wani dattijo don a ba shi wuri a gaba. Ya ambaci miliyan, guɗa ta tashi. Can baya wata gwauruwa ta shigo da mudu biyu na acca a cikin ƙwarya, abin da ta noma da hannunta, mai kula da ƙofa ya karɓa ya shige da shi ta gefe, babu ko sannu. Yesu ya taɓa zama kusa da akwatin baiko a Haikali, kuma gwauruwa mai anini biyu ce ya nuna wa almajiransa. Yaƙub, a sura ta biyu ta wasiƙarsa, ya kira fifita mai zoben zinariya a kan matalauci zunubi, bai sakaya ba. In lokacin zaɓen dattawa ya zo muka duba motar mutum kafin mu duba halinsa, to wannan zunubin muke yi.

Sai bencin baya. Yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa ta yi ciki. A sanar gaban jama'a, a sa ta ƙarƙashin horo, a hana ta Jibin Ubangiji, ta koma can kusa da ƙofa tana sunkuyar da kai. Wanda ya yi mata cikin, in ɗan wani babba ne, an riga an tura shi birni, ko sunansa ba a ambata ba. Wata shida ya wuce, shekara ta zagayo, babu dattijo ko uwa ɗaya da ta taka gidansu. Wata Lahadi sai a ga bencin babu kowa, kuma babu mai tambaya. Horo koyarwar Littafi ce, Matiyu 18 ta shimfiɗa matakansa, amma manufarsa a maido da ɗan'uwa. Bulus ɗin da ya umarci Korintiyawa su hori mai laifi, shi ne kuma a wasiƙarsa ta biyu ya roƙe su su yafe wa wanda aka hora, su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya cinye shi. Horon da ba shi da ranar dawowa kora ce. Horon da ke kama 'yar talaka ya bar wanda ya cinye kuɗin fanshon jama'a a kujerar gaba kuwa, son kai ne.

Akwai kuma farashin ƙabila. Harshen Hausa ya tara Berom da Ngas da Tarok, Bajju da Atyap, Bura da Margi, Bachama da Tangale, da Hausawa Masihiyawa da Fulani masu bi, kan littafin waƙoƙi guda. A 1955 iyayenmu suka kafa tarayyar da muke kira TEKAN a yau, don sun gane jiki ɗaya ne. Amma a turo fasto daga wata ƙabila, sai a fara raɗa: wannan ba namu ba ne. A tashi maganar aure tsakanin matasa biyu da aka yi wa baftisma a kogi ɗaya, sai a tono asali. A Antakiya, da Bitrus ya janye daga cin abinci tare da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, Bulus ya tsaya masa a gaban kowa, don ya ga bishara kanta ake taɓawa. Wanda ya ƙi haɗa akushi da ɗan'uwansa yana cewa jinin Almasihu bai isa ba, sai an ƙara da jinin kakanni.

Wani zai ce, tun da kyauta ne, kowa ya yi abin da ya ga dama. Wannan ma rami ne, kuma Bulus ya toshe shi a Romawa 6. A wasiƙarsa ga Titus ya nuna cewa alherin da ya cece mu shi ne kuma yake koya mana mu rabu da mugunta. Ku dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Yesu ya shiga gidansa tun bai gyara komai ba, amma kafin a tashi ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Haka alheri yake aiki. In ya shiga shagonka, mudunka zai cika. In ya shiga ofishinka, rasit ɗin ƙarya zai ƙare. In ya shiga gidanka, hannunka ba zai ƙara sauka a jikin matarka ba, yarinyar da ke yi muku aiki kuma za ta ga haƙƙinta a ƙarshen wata.

Me ya kai mu nan? Koyarwa ce ta yi ƙaranci. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka sha wahalarsa shekara da shekaru. Kakanninmu sun dawo daga gona a gajiye, suka zauna gaban fitila suna haɗa baƙi da wasali don su karanta shi da kansu. Ajin baftisma a wancan zamani ba na mako biyu ba ne. Yau Littafin yana cikin wayar kowa, amma abin da muke haɗiya shi ne guntun bidiyon da aka turo ta WhatsApp, aya guda da aka tsinke daga mahallinta. Mutanen Biriya, da manzo Bulus kansa ya yi musu wa'azi, sai da suka riƙa bincika Nassi kowace rana don su tabbatar. Byang Kato, malamin tauhidi ɗan Kwoi, ya yi ta gargaɗi kafin rasuwarsa a 1975 cewa ikilisiyar Afirka tana yawaita amma tana buƙatar tushe mai zurfi a cikin Maganar Allah. Muna da makarantar tauhidi ta TCNN a Bukuru, da wasu a Jos, Kagoro da Kwarhi. Ilimin da ake samu a can ya sauko cikin Hausar da tsohuwa za ta gane, kada ya tsaya a kan takardar shaida.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfinmu, don mun gani da idonmu. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro a Garkida a 1923, ta ga an sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, yawancinsu 'ya'yanta ne. A Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi. Duk da haka shugabanninta suka ci gaba da koyar da ƙin ramuwa, kuma agajin da ya bi ta hannunsu ya kai har ga maƙwabta Musulmi da bala'in ya rutsa da su. A Janairun 2015 aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, shugabannin Kirista na Nijar suka fito fili suka ce sun yafe. Yafiya ba ta hana neman adalci gaban hukuma, amma tana hana ƙiyayya ta yi sheƙa a zuciya. Mutanen da suka iya yafe toka da jini, yaya za su kasa yafe wa 'yarsu da ke bencin baya?

Saboda haka, Baba Fasto, ka koma koyar da Littafi sura bayan sura, kada ka ba mai sayar da mai bagadinka ko da zai cika maka kwando. Dattawa, ku buɗe littafin horo a zamanku na gaba, ku karanta sunayen da ke ciki, ku raba su a tsakaninku, kowa ya san gidan da zai je. Ku karanta wa jama'a lissafin baiko dalla-dalla, ku ware rabon gwauraye da marayu kafin na fenti. Iyayenmu mata na Zumunta, ku kuka fi kowa sanin cewa zumunta a ƙafa take. Ku je wurin yarinyar nan da sabulu da zani, ku zauna kusa da ita ranar Lahadi. Matasa, kafin ku tura wa'azin da ya burge ku, ku buɗe surar ku karanta ta daga farko har ƙarshe. Masu hali, ku bayar a ɓoye, ku zauna inda kuka sami wuri. Iyaye maza, ku tara iyali da dare ko na minti goma ne, a karanta, a yi tambaya, a yi addu'a.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ikilisiyar nan tamu ce, mu ne kuma za mu ba da lissafinta. Kada mu jira babban taron shekara, kada mu jira takarda daga hedkwata. Lahadi mai zuwa kowa ya duba wanda aka bari a baya a majami'arsu, ya tashi ya je ya kamo hannunsa. Allah ya ba mu ikon aikatawa.