Tsohon Soja, Kada Allon Kwaleji Ya Ruɗe Ka

Jama'a, ran nan wani tsohon kofur daga wajen Getso ya shigo ofishin jam'iyya a Gwarzo don in karanta masa wata takarda. Ya yi aikin soja shekara ashirin da biyu, ya yi yaƙi a Borno, an sallame shi da ɗingishi. Ya ɗebi rabin kuɗin sallamarsa ya kai wata kwaleji mai babban allo a bakin titi, don ya sami satifiket ya nemi aiki. Da na duba, sai na tarar Gwamnati ba ta san da zaman makarantar ba. Wannan shi ne ga mari ga tsinka jaka.

Wannan cuta ba yau aka fara ta ba. Kakanninmu sun tafi yaƙin Bama, suka dawo bayan 1945, da yawansu suka ƙare a gadi da masinja, domin ba su da takarda. A Amurka kuwa, tun 1944 aka yi doka Gwamnati ta riƙa biya wa sojan da ya dawo kuɗin makaranta, har mutum kusan miliyan takwas suka amfana. Amma ko can ma sai da macuta suka buɗe makarantun ƙarya don cin kuɗin mazan jiya. Inda duk aka yanka, angulu na bisa.

Saboda haka, kai tsohon soja, kafin ka kwance bakin jaka, yi tambaya huɗu.

Na ɗaya, shin Gwamnati ta yarda da makarantar? Hukumar NUC ke duba jami'o'i, NBTE da ke Kaduna ke duba makarantun fasaha, NCCE kuwa kwalejojin horon malamai. Ka sa yaro mai karatu ya duba maka sunan makarantar da kwas ɗin a jerinsu.

Na biyu, za su lasafta abin da ka koya a bariki? Wanda ya yi tuƙi, ko kanikanci, ko aikin asibiti, ko ya sami horo a cibiyar Oshodi ta Ikko inda ake koya wa sojoji sana'a kafin sallama, ya kai takardunsa ya ji bakin rajistara.

Na uku, za ka iya karatu kana riƙe da iyali? Mai 'ya'ya shida ba ya barin gona ya tare a ɗakin kwanan ɗalibai. Ga makarantar nazarin muhalli nan Gwarzo, ga kuma jami'ar NOUN ta karatu daga gida. Fara tambaya kusa tukuna.

Na huɗu, duk rangwamen da aka yi maka alkawari, a rubuta a sa hannu. Alkawarin baka ba ya biyan bashi.

To, saura Gwamnati. Kowace 15 ga Janairu manya sukan sa fararen kaya, su ajiye furanni, su saki tattabaru don tunawa da mazan jiya. Madalla. Amma tattabara ba ta biyan kuɗin rajista. Abin da muke nema shi ne a keɓe gurabe a makarantun Jihar Kano don tsofaffin sojoji da marayunsu, a ɗauke musu kuɗin makaranta, a kuma rubuta wannan cikin doka, don kada ya zama alfarmar da sai mai uwa a gindin murhu ke samu. Ɗan talaka ne ke tsayawa gaban harsashi, shi ya kamata a fara buɗe wa ƙofar aji.

Ku 'yan kasuwa, kuna zaune rumfa ɗaya da waɗannan bayin Allah. Ku karanta musu wannan. Wanda ke da takardar da bai gane ba ya kawo ofis mu duba, ba a biyan ko sisi.

Allah ya ƙwato wa talaka hakkinsa, amin.