Kebul ko Wi-Fi: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ma'abota kayan sauti a Turai da Amurka sun daɗe suna tafka muhawara a kan tambaya guda: mai sauraron waƙa ta intanet a gida, ya haɗa na'urarsa da kebul ne ko ya bar ta a kan Wi-Fi? Muhawarar ta fara shigowa falukanmu, musamman na ma'aikatan da ke aiki a birnin Kano amma suka yi gini a garinsu, a wurare irin su Balan ta ƙasar Gaya, ko Ajingi. Ra'ayina shi ne kebul ba ya ƙara wa waƙa zaƙi ko kaɗan, kuma wanda ya fara kashe kuɗinsa a kansa ya bar jaki yana dukan taiki.

Waƙa ba ta tahowa ta intanet a matsayin sauti. Tana zuwa ne a matsayin lambobi, guntu-guntu, kuma idan guntu ya ɓace a hanya sai a sake turo shi. Na'urar tana tara abin da ya iso a ɗan rumbunta kafin ta fara kaɗawa. Muddin rumbun bai ƙare ba, abin da kebul ya kawo da abin da Wi-Fi ya kawo ɗaya ne. Idan ya ƙare, waƙar tsayawa take yi cak. Muryar mawaƙin ba ta dusashewa. Ga wanda kunnensa ke kan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko Ɗan Maraya Jos, zancen ya fi sauƙi: abin da na'urar ɗauka ta zamaninsu ba ta kama ba, babu kebul ɗin da zai dawo da shi.

Kayan ma ba su da nauyi. Waƙa mai kilobit 320 a daƙiƙa, irin wadda Spotify ke bai wa masu biyan kuɗi, tana cin kimanin megabayit 144 a awa. Faifan CD kansa kilobit 1,411 ne. Ko tsohuwar rauta tana ɗaukar ninkin wannan da yawa.

To ina matsalar take? Bature yana jayayya ne a kan mita goman ƙarshe, tsakanin rauta da sifika, domin intanet ɗinsa ya riga ya iso ƙofar gida ta igiyar fayiba. A ƙauyukan gabashin Kano kuwa, intanet yana tasowa ne daga ƙarfen sabis na MTN ko Airtel, ya keto gonaki ta iska kafin ya iso. Nan ne yake tsinkewa, musamman da daddare lokacin da kowa ya hau. Ga ɗauke wuta, wanda ke kashe rauta nan take. Ga tsadar data, tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025.

Masu goyon bayan kebul suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma tsarin gininmu ne ya ba su ita. Gidan Bahaushe ba ɗaki ɗaya ba ne: ga zaure, ga turaka, ga sassa a warwatse. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye siginar Wi-Fi, rufin kwano kuma yana mayar da ita baya. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri, amma na 2.4 ya fi ratsa bango. Sau da yawa inda sabis ya fi ƙarfi, wato jikin taga ko saman bene, ba shi ne inda ake zaman sauraro ba. A nan kebul ke da rana: a ajiye rauta inda sabis yake, a jawo kebul zuwa falo. Kebul na yau da kullum, irin wanda ake samu a titin Beirut a Kano, yana kai saƙo har mita 100 ba tare da tangarɗa ba, kuma mai tsada bai fi shi iya isar da lamba ba. Sai dai idan zai ratsa tsakar gida, a binne shi cikin bututu saboda ɓera da rana, a kuma zare shi idan hadari ya haɗo, domin tsawa tana bin kebul ta ƙone kaya.

Saboda haka ga tsarin da nake ba da shawara. Da farko a zagaya gida da waya a gano inda sabis ya fi tsayawa. Na biyu, a sama wa rauta batir ko ƙaramar sola. Na uku, a sauke waƙoƙin da ake yawan ji a Audiomack ko Boomplay lokacin da layi ya yi sauƙi, don kada a riƙa biyan kuɗin waƙa ɗaya kullum. Sannan a ja kebul zuwa abin da ba ya motsi, kamar talabijin, a bar wa wayoyin hannu Wi-Fi. Idan kuɗi sun yi saura, a sayi sifika mai kyau, domin a nan ne kaɗai kunne zai shaida bambanci.