Rawar tayar gaban jirgi: a daina barin jaki ana dukan taiki

Wanda ya taɓa gudu da babur har kan ya fara rawa a hannunsa ya san irin fargabar. Haka take faruwa da ƙananan jiragen sama masu taya uku, irin Cessna 172 da aka fara sayarwa a 1956. Jirgi na gudu a kan titinsa lokacin tashi ko bayan sauka, sai tayar gaba ta kama kaɗawa dama da hagu da sauri, har matuƙi ya ji girgizar a ƙafafunsa. Masu harkar jirgi na kiran wannan matsala shimi.

Idan ka bincika a YouTube, shawarar da za ka fi cin karo da ita ita ce a canza dampa. Dampa wata 'yar silinda ce mai mai a ciki, da ke maƙale a ƙafar gaba, aikinta ta shanye kaɗawar kafin ta yi ƙarfi. Kamfanin Lord ma yana ƙera wata mai aiki da roba, wadda ba ta buƙatar mai. A ra'ayina, fara gyara daga nan kuskure ne. Dampa ba ta haifar da rawar, danne ta kawai take yi. Wanda ya sa sabuwa bai nemo tushen ba, kamar wanda wayarsa ke zafi saboda wata manhaja na cin batir a ɓoye ne, ya je ya sayo mata fanka.

Bakanike mai lura daga taya yake farawa, don ita ce mafi arha. Iskarta ta yi daidai da abin da littafin jirgin ya ce? Ta cinye ta gefe guda? An yi mata balansin? Tayar da nauyinta ya karkata gefe tana iya tayar da rawar da zarar gudu ya kai wani mizani.

Daga nan sai a danne jelar jirgin har tayar gaba ta bar ƙasa, a kama ta da hannu a jijjiga. Ana duba boris ɗin tayar. Ana duba ƙarafa biyun nan masu kama da almakashi da ke hana ƙafar juyawa da kanta, domin bushin da kusoshinsu na cinyewa. A Cessna akwai kuma zoben sitiyari da ke saman ƙafar, wanda ake cike giɓinsa da siraran wasa idan ya yi sako-sako. Ɗan giɓi nan, ɗan giɓi can, idan suka haɗu sai taya ta samu filin rawa tun kafin dampa ta fara aiki.

Wani zai ce ai dampa ma na lalacewa. Gaskiya ne, manta na tsiyayewa, kusoshin da ke riƙe ta na sakewa, kuma dole a duba ta. Amma idan ita kaɗai aka canza alhali sauran sassan na lilo, rawar za ta lafa na ɗan lokaci ta dawo, ta cinye sabuwar ma. Kafin nan girgizar na iya tsaga ƙarfen da ke riƙe ƙafar. Idan ƙafar gaba ta karye, farfela ta daki ƙasa, kamfanin Lycoming na buƙatar a buɗe injin a bincika. Gyaran bushin ya koma gyaran inji ke nan.

Matuƙi ma yana da nasa. Idan rawar ta fara, yana jan sitiyari baya a hankali ya rage wa tayar gaba nauyi, ya bar gudu ya sauka, ba ya danna birki da ƙarfi.

Wayarka na da amfani a nan, amma a matsayin shaida. Fasinja na iya ɗaukar bidiyon agogon gudu lokacin da rawar ta fara, a kuma rubuta ko a kan kwalta ne ko ciyawa, da birki ko babu. Wannan zai taƙaita wa injiniya mai lasisi bincike, kuma shi ne zai sa hannu a littafin jirgin. Masu burin shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, ku riƙe wannan tsari tun yanzu: taya, boris, bushin, zobe, sannan dampa.