Kowace Kalma da Abokiyar Zamanta: Yanka da Rabo a Turanci

Sanin kowa ne cewa ɗalibin da ya buɗe ƙamus ya tarar da "cut" a gaban "yanka" yakan ɗauka aiki ya ƙare, alhali kuwa yanzu aka fara. Kalmomi ma suna da abokan zama. Masanin harshe J. R. Firth na Jami'ar Landan ya jaddada wannan batu a 1957, inda ya nuna cewa ana gane kalma ne ta waɗanda take tafiya tare da su.

A dubi madafar Bature. Burodi "slice" ake yi masa, watau a yanka shi fale-fale. Albasa "chop" ake yi mata, karas kuwa "dice", wato a yayyanka shi ƙanana masu kusurwa huɗu. Gasasshen nama a kan tebur "carve" ake yi masa, wanda aka niƙa kuma "mince". Duk wanda ya ce "carve the onion" bai karya nahawu ba, amma Bature zai yi murmushi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Ana fere kabewa, a ɓare gyaɗa, a gutsuri tuwo, a ɓantari goro, a feɗe akuya. Ba wanda zai ce ya feɗe tuwo sai mai neman a yi masa dariya. Abin mamaki shi ne, ɗalibin da ba zai taɓa yin wannan kuskure da harshensa ba yakan manta cewa Turanci ma haka yake.

Wajen rabo kuwa, ɓarnar ta fi yawa. Bature yana cewa "fair share", "equal shares", da "split the bill" in za a raba kuɗin abinci. Yana kuma cewa "the lion's share", wadda ta samo asali daga tatsuniyoyin Aesop. Mai fassarar da ya ce "kason zaki" ya bar mai sauraro cikin duhu, alhali ga "kaso mafi tsoka" a bakin kowa. Haka nan "carve up" da ake faɗa game da yadda Turawa suka yi wa Afirka bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885: hoton nama ne a gaban mai wuƙa. Wanda ya ce "sun yi watanda da ita" ya kamo ma'anar, wanda ya ce "sun sassaƙa ta" kuwa ya ɓata.

Saboda haka ya kamata darasin fassara ya bar koyar da kalma ita kaɗai. Turawa sun tanadi ƙamus na musamman don wannan, kamar na BBI a 1986 da na Oxford a 2002. Hausa tana da taska a ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, inda misalan zaman kalmomi suke warwatse. Tattara su wuri guda aiki ne da ke jiran ɗaliban wannan sashe, kuma ya isa a yi kundin digiri a kansa.