Baba Kirsimeti Da Ɗan Masinja

Duk shekara idan Disamba ta kama, sai ka ga wani bawan Allah ya cusa kansa cikin jar riga mai kauri, ya manna gemun auduga, ya zauna a ƙofar kanti ko a gidan talabijin yana ta zufa, yara sun yi layi suna jiran alewa. Wai shi ne Baba Kirsimeti, wanda ke tasowa daga ƙuryar arewacin duniya a kan keken da bareyi ke ja a sararin samaniya, ya san yaron kirki ya san fitinanne, ya kuma shiga gidaje ta bututun hayaƙi ya ajiye wa kowa kyauta gwargwadon halinsa. Gidajenmu dai ba su da bututun hayaƙi, amma wannan bai hana labarin shigowa ba. To, 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, ya kamata a sa yaro ya gaskata wannan magana? Ni dai na ce a'a.

Kada wani ya ce ina taɓa addinin 'yan'uwanmu Kirista. Wannan tsoho mai jar riga ba ya cikin Linjila, kuma masu addinin sun riga ni ƙorafi a kansa. A birnin Dijon na Faransa, ranar 23 ga Disamba 1951, aka rataye mutum-mutuminsa a gaban babbar majami'a aka cinna masa wuta, da yardar limaman cocin, don a ganinsu ya ƙwace bikin daga hannun mai shi.

Asalinsa kuwa mutum ne. Nikolas sunansa, bishop ne a garin Mira, cikin ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, a ƙarni na 4. Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na wani talaka mai 'ya'ya mata uku, wanda ya rasa abin da zai yi musu kayan aure har yana shirin sakin su ga karuwanci. Sai Nikolas ya bi dare ya jefa masa jakar zinariya ta taga, har sau uku. A lura da kyau: kyautar daga aljihun ɗan Adam ta fito, wurin mabukaci ta nufa, kuma ba a tambayi 'yan matan ko suna jin magana ba.

Daga nan labarin ya yi ta sauya riga. Mutanen Holan suka riƙe shi da sunan Sinterklaas, Amurkawa suka karɓa suka mai da shi Santa Claus. Wata waƙa da aka buga a jihar New York a 1823 ta ba shi bareyi takwas. Mai zane Thomas Nast ya fara fito da siffarsa a mujalla a 1863. Daga 1931 kamfanin Coca-Cola ya sa shi cikin tallarsa, ya baza hotonsa a duniya. Barewa ta tara ma, mai jan hanci, wani babban kanti na Chicago ne ya ƙirƙiro ta a 1939 don ya jawo masu sayayya. Bishop mai neman talaka da dare ya koma ɗan tallan kanti.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Yara biyu suna aji ɗaya, ɗan babban sakatare da ɗan masinja. An gaya wa dukansu cewa akwai mai rabon kyauta da ke auna halin kowa. Gari ya waye, ɗan sakatare ya tarar da sabon keke, ɗan masinja kuwa ya tarar da abin da ya kwanta ya bari. Yaro ba wawa ba ne, ya iya lissafi. Idan kyauta ladan kirki ce, shi kuma bai samu ba, to amsar da zai ba kansa ɗaya ce, wato shi ne mugu. Haba jama'a! Talaucin uba bai isa ba, sai an ɗora wa ɗa laifinsa? Ɗan sakatare ma an cuce shi ta wata hanya, don an koya masa tun yana ƙarami cewa abin da ya samu halinsa ne ya jawo masa, wanda bai samu ba kuwa shi ya so.

Sa'an nan ga ƙaramin akawu da ya ci bashi a kan albashin Janairu, ga uwa da ta yi wata shida tana zubin adashi, don dai yaro ya sa sabon takalmi. Ranar da takalmin ya zo, godiya ta tafi wurin wani tsoho da ba ya nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san amsar masu kare shi. Za su ce ƙuruciya ce, a bar yara su yi mafarki. Za su tuna mini da jaridar Sun ta New York, wadda a 1897 ta tabbatar wa wata yarinya 'yar shekara 8 cewa yana nan. Na kuma yarda cewa yawancin yara kan gano gaskiya da kansu, su yi dariya su wuce. Amma wa ya ce mafarki sai da yaudara? Dukanmu mun girma da Gizo da Ƙoƙi, mun yi dariya mun ji tsoro, alhali kaka tana gama tatsuniya take faɗa da bakinta cewa ƙarya ta shara. Ba abin da ya ragu daga daɗin labarin. Shi kuwa Baba Kirsimeti, manya ne ke haɗa baki su kafa masa shaida. A Amurka uba kan cinye biskit ɗin da yaro ya ajiye wa baƙon don a ce ya zo, kuma tun 1955 sojojin tsaron sama ke ba da sanarwar wai suna bin sawunsa. Idan yaro ya yi ƙiriniya a ce Baba yana gani, ba zai kawo kome ba. Wannan Dodo ne aka sa wa jar riga, kuma razana yaro da Dodo ma ba abin alfahari ba ne a gare mu.

Ba na cewa a hana yara zuwa kallonsa. A kai su, su karɓi alewarsu, su ja gemun audugar in sun ga dama. Amma idan ƙanenka ya tambaye ka ko da gaske ne, ka gaya masa cewa mutum ne aka ɗauka aikin kwana kaɗan, da yamma zai tuɓe rigar ya nemi motar gida. Ka ba shi labarin Nikolas da 'yan mata uku. Takalmin kuma ka nuna masa wanda ya saya, ka kama hannunsa ku je ya durƙusa ya yi godiya.