Wa Yake Ƙirga Waƙar Ɗanƙwairo?

A watan Maris na 2023 wasu dattawa biyu ƴan Ingila, Dave Gahan da Martin Gore, suka fitar da sabon kundin waƙoƙi mai suna Memento Mori. Su ne suka rage a ƙungiyar Depeche Mode, wadda aka kafa a garin Basildon a 1980, masu kiɗa da na'urorin lantarki. Abokin tafiyarsu Andy Fletcher ya rasu a 2022. Dukansu biyu sun kai shekara 60, kundin kuma shi ne na 15. Duk da haka ya hau na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Jamus, ya zo na biyu a Birtaniya, suka bi filayen ƙwallo a Turai da Amurka suna cika su maƙil.

To, mu a ƙasar Hausa, wane mawaƙi ne ya shekara 40 yana sana'a, ya fitar da sabuwar waƙa, aka ce ga ta a saman jadawali? Wane jadawalin ma? Mawaƙi a wurinmu sau biyu yake yin tashe: lokacin da yake ganiyarsa, sai kuma ranar da ya mutu. Tsakanin waɗannan biyu sunansa "tsohon yayi". Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Kowannensu ya sha yabo ranar ta'aziyya. Amma wa zai iya kawo lissafin mutum nawa suka saurare su a shekarunsu goma na ƙarshe, da nawa wannan sauraro ya kawo musu?

Wai don jama'a sun daina jin tsofaffi ne? Duk wanda ya ce haka bai taɓa hawa motar haya daga Gusau zuwa Tsafe ba. Tsaya a tashar Kwatarkwashi, ko teburin mai shayi a Bunguɗu, ka kasa kunne. Musa Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, amma har gobe muryarsa na tashi a wayar direba yana wasa Ƴandoton Tsafe. Narambaɗa na nan, Sa'idu Faru na nan, Ɗan Anace na nan. Yaron da aka haifa bayan rasuwarsu yana ɗora baitinsu a kan hoton angonci ya saka a TikTok. Masu sauraro ba su gudu ba. Ƙirga su ne ba a yi.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma a cikinta akwai ƙa'ida guda marar tausayi: abin da bai shiga rumbun bayanai ba, a wurin na'ura bai faru ba. Jadawalin waƙoƙi ƙirge ne kawai. Kowace waƙa da aka fitar ta hanyar da ta dace tana da lamba tata mai harafi da alƙalami 12, ana kiranta ISRC. Idan aka saurare ta a Spotify na daƙiƙa 30, sai a rubuta ɗaya a gaban lambar. Daga wannan ƙirge ake fitar da jadawali, daga shi ake raba kuɗi, da shi kuma mai shirya wasa yake sanin garin da zai kai mawaƙi. Da haka tsofaffin Basildon suke ci har yau. Kowace waƙarsu tun 1981 tana da suna, tana da mai ita, kuma akwai mai ƙirga ta.

Yanzu dubi hanyar da waƙa take bi a wurinmu. Ka kai memori shagon masu tura waƙoƙi, a cika maka. Aboki ya karɓa ta Xender ko Bluetooth, wani ya tura ta WhatsApp. Kafin ta yi hannu uku sunan fayil ɗin ya koma tarin lambobi. Babu sunan mawaƙi, babu na makaɗi, babu shekara. A saurare ta sau dubu a kasuwar Tsafe, a lissafin duniya sifili ne. Tun 2020 Nijeriya tana da jadawalin TurnTable, wanda yake tattara ƙirge daga manhajojin sauraro da kafafen watsa labarai. Ba ya ganin memori. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu intanet. A idon kowane jadawali, jihar ta yi tsit. Shin kiɗa ya tsaya a wayoyin mutane?

Kada a ɗauka ƙirge ƙaramin abu ne. Kafin 1991 mujallar Billboard ta Amurka tana dogara ne da abin da masu shaguna suka faɗa mata. Da aka koma ƙirga abin da aka saya da gaske ta na'urar SoundScan, sai ga waƙoƙin mutanen karkara da na gambarar baƙaƙen fata sun hau sama, waɗanda a da ake raina kasuwarsu. Masu sayen suna nan tun tuni, ma'aunin ne ya ƙi ganinsu. Haka a 2022 wata waƙar Kate Bush ta 1985 ta hau na ɗaya a Birtaniya, bayan an sa ta a wani shiri mai dogon zango, shekara 37 da fitarta. Kuɗin kuma ya san gidan da zai nufa, saboda sunan mai ita yana rubuce. In da waƙar Narambaɗa ce ta yi irin wannan dawowa, wa zai karɓa?

Muna da misali a maƙwabta. Mamman Sani na Nijar ya naɗi kaset na kiɗan ogan ɗin lantarki a Yamai a 1978. Shekara da shekaru ana jin kiɗansa a rediyo da talabijin na ƙasar. Sai a 2013 wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da kaset ɗin da sunansa a jiki, daga nan ya soma zuwa Turai yana wasa. Hannunsa bai canja ba, ogan ɗin ma bai canja ba. Suna aka liƙa wa aikin, aka kai shi inda ake ƙirge. Abin kunya shi ne sai da baƙo ya tsallako teku ya yi abin da ɗan gida zai iya yi da waya ɗaya.

Kuma ba makaɗan kotso da kalangu kaɗai abin ya shafa ba. Mu ma muna da tsofaffin kiɗan lantarki: masu fiyano na finafinan Hausa. Fim ɗin Sangaya ya fito tun 1999. Waɗanda suka rera waƙoƙin wancan zamani, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim, sun haura shekara 20 da fara sana'a. Matan da suka yi ƴanmatanci da waƙoƙinsu yanzu suna aurar da ƴaƴa, suna kuma neman waƙoƙin nan a wurin biki. Kasuwa ce zaune. Amma mutum nawa ne suka san muryar wa suke ji? Fuskar jarumi aka riƙe, mai muryar da mai fiyanon an shafe su daga fayil.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce kiɗa ba abin damuwar Musulmi ba ne. Ra'ayinka ne, ba kuma zan yi jayayya da kai a kan halaccinsa ba. In ba ka ji, babu ruwanka. Amma wanda ya cika wayarsa da waƙar mutum, ya yi talla da ita, ya tara mabiya da ita a YouTube, bai ba mai ita ko magadansa ko sisi ba, da wane suna za a kira wannan in ba cin haƙƙi ba?

Wani zai ce ai makaɗan da ba su dogara da ciniki ba, ubangida ne yake ba su doki da riga da kujerar Makka. Gaskiya ne, shi ya sa arzikin makaɗi yake ɗaure da ran mutum ɗaya. Yau ubangidan ya koma ɗan siyasa, wa'adinsa shekara 4 ne ko 8. Mawaƙin da talakawa miliyan suke ji bai kamata abincin tsufansa ya rataya a kan sakamakon zaɓe ba.

Wani kuma zai ce ana kashe mutane a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, kai kana zancen waƙa. Ba na haɗa su a ma'auni. Sai dai cutar ɗaya ce ta wani ɓangare: mutanen da ba a ƙirga su, ba a jin kukansu, ko a waƙa ko a makoki.

Aikin ba ya neman biliyoyi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya riga ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a littattafai. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna ya daɗe yana naɗar muryoyinsu. Jami'ar Tarayya ta Gusau tana da masu nazarin Hausa da masu karatun kwamfuta a haraba ɗaya. Me zai hana su zauna su gina rajista guda: sunan waƙa, mawaƙi, ƴan amshi, wanda aka yi wa, shekara, da magada? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato ta Ɗanƙwairo tana da sauran rai har 2061. Amma doka ba ta biyan wanda ba a san adireshinsa ba.

Gidajen rediyonmu kuma su ƙirga abin da ake nema a shirin zaɓi sonka, su riƙa sanar da goma na sama kowane mako, tsohuwa da sabuwa a jeri ɗaya. Masu tura waƙoƙi su bar goge suna, su kuma yarda a riƙa ƙirga abin da aka fi nema a shagunansu, domin su ne suka fi kowa sanin gaskiyar kasuwa. Kai kuma mai karatu, kafin ka tura wa wani waƙa, gyara sunan fayil ɗin ka sa na mai ita. In za ka yi biki, ka tuna mai muryar nan da kake so yana iya kasancewa da rai, yana da lambar waya, yana kuma karɓar aiki.

Mun iya yabon gawa. Saura mu koyi biyan mai rai.