Doka ba ta rubuta littafi

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu sun yi murna. To, amma mu tambayi kanmu: wane littafi za mu miƙa wa ɗaliban kwaleji a Maraɗi ko Tawa? Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, tun 1999 aka tsai da ƙa'idojin rubutu, amma ƙagaggun labaran da muka buga da Hausa ba su cika kwando ba. Laifin namu ne, mu da muka iya riƙe alƙalami.

Hujjarmu kullum guda biyu ce: babu maɗaba'a, babu masu karatu. Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga rauninta. Marubutan Kano ba su jira kowa ba. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Marubutan wannan zamani da aljihunsu suka riƙa biyan masu ɗab'i, suka kai littattafansu kasuwa, suka haɗu cikin ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Wasu masana sun raina aikin, sun ce adabin kasuwa ne. Duk da haka littattafan sun ƙetaro iyaka, matanmu da ƴaƴanmu suka karanta su. Ashe masu karatu suna nan, abin karantawa ne ba mu ba su ba.

Akwai masu cewa Faransanci ne hanyar suna da kyaututtuka. Ba a musun darajar Boubou Hama, ko ta Abdoulaye Mamani wanda ya buga Sarraounia a Paris a 1980. Sai dai labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojojin Voulet a 1899, an rubuta shi da harshen da yawancin jikokinta ba sa karantawa. Wanda ke son Paris ta san shi, hanya a buɗe take. Wanda ke son a karanta shi a Madawa da Tasawa, ga shawarata.

Ka yi tunani da Hausa tun daga farko. Babban ciwon rubutunmu shi ne jimlar da aka ƙera da Faransanci aka sa mata rigar Hausa. Maganinsa kunne ne. Ka karanta shafinka da ƙarfi a gaban wanda bai je lakwal ba. Duk inda ya ce «me kake nufi?», ka soke ka sake.

Ka mutunta ƙa'idar rubutu. Wanda ya rubuta kafa alhali ƙafa yake nufi, ko dari a wurin ɗari, ya jefa mai karatu cikin duhu. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna nan a kwamfuta da wayar salula, ba sauran uzuri. Ka raba kalmomi yadda ya kamata, ka tsaya kan tsari guda daga shafin farko har na ƙarshe.

Ka gama abin da ka fara. Shafi guda a kowace rana, ko bayan gyaran takardun ɗalibai ne, cikin wata huɗu ya zama shafi 120. Sannan ka ajiye shi wata guda, ka ba mutum biyu da ba sa jin nauyinka su duba. Yabon aboki ba gyara ba ne, kuma marubucin da ke fushi da jan biro bai shirya ba.

Kada ka saki aikinka na albashi. Sannu ba ta hana zuwa. Ka buga kaɗan, ka sayar, ka sake bugawa da kuɗin. Ka yi rajistar aikinka a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa, kafin ka miƙa shi ga gidan rediyo ko ƴan wasan kwaikwayo.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi, kuɗin da kuke kashewa wajen hayar kujeru da lasifika a bukin shekara, ku ware rabinsa don buga littafi guda. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Me zai hana kowace jiha ta shirya tata, malaman kwaleji da lise su zama alƙalai, a sa littafin da ya ci cikin jerin karatun aji? Wannan aiki ba ya buƙatar sa hannun minista. Yana buƙatar malamai goma da za su zauna su yanke ranar karɓar rubuce-rubuce kafin hutun damina.